Kafin Ka Taɓa Sashen da Ba Ka San Mai Shi Ba



Mahaifiyarka ta faɗa mini an danƙa maka kula da na'urar ajiyar kwafin bayanai ta wurin aikinku, kuma da muka yi waya ka ce NetBackup Flex ce, ta kamfanin Veritas, wanda ɓangarensa na wannan harka ya haɗe da Cohesity a Disambar 2024. Na yi murna ƙwarai. Ba a miƙa wa mutum makullin ajiya sai an gamsu da hankalinsa. Allah ya taya ka riƙo. Tun da na daɗe a wannan aiki kafin ƙarfi ya fara ja baya, bari in gaya maka abin da nake ganin zai amfane ka, musamman a kan sassan manhajar da ke zaune cikin na'urar, domin a nan ne hannun sabon shiga ya fi saurin yin ɓarna.

A zamaninmu kowane aiki da injinsa. Sabar da ke tsara jadawali tana gefe guda, wadda ke kwasar bayanai tana zubawa a kaset tana wani gefen, kowace da wayoyinta da takardar da aka manna mata a goshi. In za a ƙara ɗaya sai an rubuta takarda, an jira kuɗi, an jira kaya su iso, wani lokaci wata da watanni. Jiran yana da ciwo, amma yana tilasta wa mutum ya yi tunani. Taku ba haka take ba. Akwati ɗaya ne, kowace saba tana zaune a kwantenarta a ciki, kuma daga allon sarrafawa kana iya tayar da sabuwa cikin ɗan lokaci. Kamar babban gida ne mai sassa: kowane sashe da ƙofarsa da mutanensa da sirrinsa, amma katanga ɗaya ce, rijiya ɗaya, zaure ɗaya. Wanda ya kwashe ruwan rijiya ya bar kowa da ƙishi. Faifan ajiya da ƙwaƙwalwar inji da wayoyin sadarwa duk na tarayya ne, ko da allon yana nuna maka kowane sashe a layinsa daban.

Iri uku za ka fi haɗuwa da su. Akwai babbar saba, mai riƙe da jadawali da ƙa'idoji da kundin da ke faɗin wane kwafi yake ina. Akwai saba mai jigila, wadda ke karɓo bayanai ta zuba su a ma'aji, tana tace maimaici don kada a ajiye abu ɗaya sau goma. Sai ma'ajin da ake rubutu a cikinsa sau ɗaya, babu gyara babu gogewa har wa'adin da aka ɗiba ya cika. Wannan duk an koya maka. Abin da ba a koyarwa a aji shi ne, bayan kowane layi da kake gani a allon nan akwai mutum. Wannan yana riƙe da albashin ma'aikata. Wancan takardun da masu binciken kuɗi za su nema ne nan da shekaru. Na ukun kuma wani ne ya tayar da shi don gwaji, ya bar aiki, ba wanda ya san ko har yanzu akwai abin da ke jingine da shi.

Don haka watanka na farko ka ɗaure hannunka, ka saki ido da kunne. Ka buɗe rajista, kowane sashe da shafinsa: sunansa, dalilin da ya sa aka tayar da shi, sigar manhajar da ke kansa, adireshinsa, girman wurin da aka yanka masa, da kwamfutocin da ke dogaro da shi. Abu biyu suka fi muhimmanci a shafin. Na farko mai shi, kuma ina nufin mutum mai suna da lambar waya, ba "ofishin kuɗi" ba, domin ofis ba ya ɗaukar waya da tsakar dare. Na biyu ranar ƙarshe da aka dawo da wani abu daga cikinsa aka buɗe aka ga yana aiki. Gurbin nan na biyu shi za ka tarar babu komai a yawancin shafuka, kuma nan aikinka yake. Ka buga rajistar a takarda ka kulle a durowa. Ranar da za ka fi buƙatarta, mai yiwuwa babu kwamfutar da ke buɗewa a ofishin.

Da zarar mutane sun gane cewa tayar da sashe ba ya cin lokaci, kowa zai zo neman nasa. Wasu suna da hujja: doka ta ce a raba bayanansu da na wasu, ko kamfani ne daban da kuke yi wa hidima, ko tsohuwar manhajarsu ba ta jituwa da sabuwar siga. Waɗannan ka ba su. Amma akwai mai nema don kawai ya ga makwabcinsa yana da shi. Ka saurare shi da mutunci, sannan ka nuna masa lissafin. Kowace sabuwar babbar saba tana zuwa da kundinta da za a riƙa kiyayewa, da takardun shaidarta, da kalmomin sirrinta, da ranar sabuntawarta. Tace maimaici kuma a cikin ma'aji ɗaya yake aiki. In ka raba ma'aji gida biyar, abin da da an ajiye sau ɗaya sai a ajiye shi sau biyar, faifai ya cika ba tare da an ƙaru da komai ba.

In ya zama dole a tayar, ka natsu a kan suna. NetBackup tana ɗaure abubuwa da yawa a jikin sunan babbar saba, kuma sauya shi daga baya aiki ne mai wahalar gaske. Kada ka sa sunan mutum, kada ka sa "sabo" ko "gwaji" a kan abin da zai daɗe. Ka tabbatar sunan yana kaiwa ga adireshi, adireshin kuma yana komawa ga sunan, kafin ka danna komai. Ka duba agogo ma. Sassan suna gane juna ne da takardun shaida masu ɗauke da lokaci, kuma in agogon wani ya kauce sosai sai su ƙi yarda da juna, ka kwana kana neman matsala a waya alhali a agogo take.

Batun wuri ba zan tsawaita ba. Kada ka rabar da faifai duka tun ranar farko, ka bar wani kaso a hannu. Kada ka gina lissafinka a kan alkawarin dillali game da yawan maimaicin da za a tace, domin bayanan da aka riga aka matse ko aka kulle da lambar sirri kafin su iso ba sa tacuwa sosai. Ka kuma sani cewa goge tsohon kwafi ba ya sakin wuri nan take, tun da gutsattsarinsa na iya zama na tarayya da wasu kwafin, sai na'urar ta yi shararta. Ka riƙa rubuta girman kowane sashe duk ƙarshen wata. Kayan nan da dala ake sayensu, kuma daga rubuta takarda zuwa isowar faifai akwai tafiya. Wanda ya jira har ma'aji ya kusa cika ya makara.

Sabuntawa tana da tsarinta. Ka fara duba ko manhajar ita kanta na'urar tana ɗaukar sigar da kake son ɗorawa. Sannan babbar saba ce gaba, masu jigila su biyo, kwamfutocin da ake kwafa su zo ƙarshe, domin ba a son na ƙasa ya wuce babba a siga. Kada ka yi ranar Juma'a, lokacin da kowa ya tafi masallaci daga can kuma sai gida. Kada ka yi a jajibirin salla, ko makon biyan albashi. Abu mafi girma, kada ka sauya komai alhali aiki yana gudana a kansa. A Disambar 2021 Jami'ar Kyoto ta Japan ta yi asarar bayanai kimanin terabait 77, fayil kusan miliyan 34, daga babbar kwamfutarta ta bincike. Ba ɓarayi ba ne, ba gobara ba. Ɗan rubutun umarni ne na tsarin ajiyar kwafi, wanda aikinsa share tsofaffin bayanan aiki, aka sauya shi da sabo yana tsakiyar gudana, sai ya rikice ya shiga goge fayilolin masu bincike. Abin da aka kafa don kariya shi ya yi ɓarnar. Ka tsayar da jadawali, ka jira ayyukan da ke tafiya su kammala, ka ɗauki kwafin kundi, sannan ka taɓa.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Kowace safiya za ka buɗe allo ka ga layuka kore, zuciyarka ta kwanta. Koren nan yana faɗa maka cewa an rubuta wani abu ne kawai. Bai ce abin da aka rubuta cikakke ne ba, bai ce shi ne abin da mai shi yake tsammani ba, bai kuma ce zai dawo cikin lokacin da ake buƙata ba. Akwai ma abin da ya fi haka haɗari: aikin da bai tashi ba sam, ba zai nuna ja ba. Wani ya ƙara sabon rumbun bayanai a sabarsa bai gaya maka ba, ba ya cikin kowace ƙa'ida, allonka kuwa kore shar.

Ka karanta abin da ya sami kamfanin GitLab ranar 31 ga Janairun 2017, domin su da kansu suka bayyana wa duniya dalla-dalla, kuma sun cancanci yabo a kan haka. Wani injiniya da ya gaji da aikin dare ya goge bayanai a kan babban rumbu yana zaton na biyun ne. Suna da hanyoyin ajiya har biyar a rubuce. Da aka je nema, kusan duk ba su amfanar ba. Ɗaya daga ciki ta daɗe da daina aiki saboda manhajar ɗaukar kwafin ta sigar PostgreSQL 9.2 ce, rumbun kuwa 9.6 ne, saƙonnin da ke sanar da gazawar kuma ba sa isa akwatin kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin nan don wani aiki daban, kuma bayanan waɗannan awoyi sun tafi. Ka lura da abubuwa biyu da suka haɗu: saɓanin siga, da ƙararrawar da ba wanda ke ji. Dukansu suna iya faruwa a na'urarka gobe.

Saboda haka kowane sashe ya sami ranar gwajinsa. Ka zaɓi kwafi, ba na jiya kaɗai ba, har da na wata uku baya, ka dawo da shi a keɓaɓɓen wuri. Ka duba agogo ka rubuta tsawon lokacin da ya ɗauka. Sannan ka kira mai shi ya zo ya buɗe da hannunsa, domin kai za ka ga fayil ya dawo, shi ne zai gane ko lissafin ciki ya cika. In ya ce ba shi da lokaci, ka bi shi a hankali har ya samu. Adadin awoyin nan da ka rubuta, ka kai wa shugabanka tun ana zaman lafiya. In yana zaton awa biyu ne alhali kwana biyu ne, gara ya ji yau, ya yanke shawarar ko zai kashe kuɗi ko zai haƙura, da ya ji ranar da layin mutane ya cika harabar ofis.

Kundin babbar saba kuwa, ka ɗauke shi da muhimmanci fiye da komai. In ya ɓace, kwafin suna nan a faifai amma sai an sha wahala da dogon lokaci kafin a san wanne ne wanne. Yana da nasa kwafin na musamman, da ƙunshin farfaɗowa da ake kullewa da kalmar sirri. Kada kwafin kundi ya zauna cikin na'urar da yake karewa kaɗai, kada kuma kalmar sirrin ta zauna a kan mutum ɗaya. A rubuta, a rufe a ambulan, a sa a sef.

Ka kuma tambayi kanka abin da na'urar ke buƙata kafin ta yarda ka shiga. A Yunin 2017 manhajar ɓarna da ake kira NotPetya ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk. Shugaban kamfanin ya faɗa daga baya cewa sai da suka sake ɗora saba 4,000 da kwamfuta 45,000 cikin kwana goma. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito, sabobin da ke tantance shigar ma'aikata duk sun goge lokaci guda, tun da kowace an ɗauke ta a matsayin madadin 'yar'uwarta. Guda ɗaya ta tsira, a ofishinsu na Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin ya iso. Aka ɗauko faifan zuwa Nijeriya, wani ma'aikaci ya karɓa ya wuce da shi Ingila. Allah ne ya kiyaye su, amma ba a kafa tsari a kan ɗaukewar wuta. In shiga allon na'urarka ya dogara kacokan ga irin waɗannan sabobi, ranar da suka faɗi za ka tsaya a ƙofar ajiyarka ba makulli. Ka tanadi asusun gaggawa na cikin na'urar, wanda bai jingina da kowa ba. Sauran kwanaki kuwa kowa ya shiga da sunansa, da tantancewa mai mataki biyu, don a san wa ya yi me.

Masu garkuwa da bayanai sun daɗe da gane cewa wanda ke da kwafi ba ya biyan fansa, shi ya sa suke fara neman ma'aji kafin su kulle sauran. Amfanin sashen da ba a gogewa ke nan. Sai dai ka shiga da ido biyu. Kullewar iri biyu ce, akwai wadda ta bar wa masu izini wata ƙofa, akwai mai tsanani wadda ko kai ba za ka iya cire kwafi ba kafin wa'adi. In ka rubuta shekaru a inda ya kamata ka rubuta makonni, faifan zai cika kana kallo. Wa'adin ba kai kaɗai za ka yanke ba, ka zauna da lauyan ma'aikata da masu bayanan, tun da dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ba ta yarda a riƙe bayanan mutane fiye da buƙata ba. Kuma kullewa ba ta hana gobara. A Maris na 2021 wuta ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda kwafinsu ke wuri ɗaya da asalin suka rasa duka biyun. Lallai a sami kwafi a wani gari.

Wutar lantarki da zafi ka fi ni sanin halinsu. Ka gwada batiran da ke riƙe na'urar tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta, kada ka yarda da fitilar da ke jikinsu kawai. In za a kashe, a tsayar da ayyuka, a tsayar da sassa, sannan na'urar. Da hunturu a riƙa duba matatun iska. In taku mai inji biyu ce, ka gwada mayar da sashe daga wannan zuwa wancan da rana tsaka kowa yana nan, ka kuma tabbatar inji ɗaya zai iya ɗaukar nauyin duka.

Saura gogewa. Wata rana wuri zai ƙure, ka duba ka ga wani sashe da ba ya motsi, ba aiki ko ɗaya cikin watanni, kuma yana riƙe da wuri mai yawa. Zuciya za ta ce maka ai matacce ne. Sashe yana iya yin shiru don an daina zuba masa sabon abu, alhali tsohon da ke cikinsa shi kaɗai ya rage a duniya, sabar da aka kwafo shi daga gare ta an daɗe da kwance ta. Goge sashe yana tafiya da abin da ke cikinsa, kuma babu kwandon shara da za ka koma ka tsinto.

Ka fara duba kundi ka ga ko akwai kwafin da wa'adinsa bai cika ba. Ka nemi mai shi. In ya bar aiki ka nemi wanda ya gaje shi, in babu ka hau sama har ka sami wanda zai sa hannu. Izinin baki ba izini ba ne, ko daga wa ya fito. Bayan an sa hannu ma kada ka goge, ka tsayar da shi kawai, ka bar shi a tsaye har ƙarshen wata ya wuce, in da hali har rufe lissafin wata uku, domin akwai ayyukan da ba sa waiwayar ajiya sai a irin waɗannan lokuta. Wanda ke buƙatarsa zai yi kuka, kai kuma ka tayar masa cikin minti kaɗan. Ranar gogewar ka kira abokin aiki ya tsaya a bayanka, ka karanta sunan da ƙarfi, shi ya duba takarda ya amsa. Kada ka yi da dare, kada ka yi kana jin yunwa ko fushi ko barci.

Matsin zai zo ne daga sama. Shugaba zai ce kwafin daren yau ba zai shiga ba, a share wancan yanzu. Kada ka yi masa gardama a gaban mutane, kada kuma ka danna don tsoro. Ka same shi shi kaɗai ka ce, "Ranka ya daɗe, zan iya gogewa yanzu, amma in ya tafi ba ni da hanyar dawo da shi, kuma har yanzu ban sami mai shi ba. Ga wurin da na ajiye a hannu, zai ɗauke mu kwana kaɗan. A ba ni zuwa Litinin." Kason da na ce ka bari tun farko, ranar nan aka tanade shi dominta. Yawancin shugabanni in sun ji maganar a fili haka, da mafita a haɗe, sukan yarda. In ya dage, ka roƙe shi ya rubuto maka umarnin da sunan sashen a ciki, ka kuma nemi a ba ka dama ka kwashe abin da ke ciki zuwa kaset ko wani ma'aji kafin ka aiwatar.